Aikin Fasaha: Wa Ke Ciki, Wa Aka Bari a Waje?

Wanda ya kasa kunne a Maraɗi daga safe zuwa dare zai ji kalmar fasaha a bakuna da yawa, kuma kowane baki da abin da yake nufi. Mai karanta labarai a rediyo zai ce ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa sun fara jarrabawa, yana nufin masu koyon lantarki da kanikanci. Saurayi mai gyaran waya a bakin kasuwa zai ce maka fasahar zamani ta wuce inda ake tsammani. Da la'asar a saka waƙa, mai gabatar da shiri ya kira mawaƙin fasihi. Da dare kuma a gidan biki, wata tsohuwa ta kamo hannun amarya ta ƙura wa ƙunshi ido, ta ce, "Kai, wadda ta yi wanga lalle tana da fasaha." Duk cikinsu babu wanda ya yi wa Hausa laifi.

Inda maganar ta ɗauki zafi shi ne lokacin da ofisoshi da 'yan jarida suka buƙaci suna guda da zai tattara abubuwan da ɗan Adam ke ƙagowa don kyau da isar da saƙo, irin su zane da sassaƙa da waƙa da wasan kwaikwayo. Sai suka ɗauko "ayyukan fasaha", kalmar kuwa ta zauna daram. Ba ni da ja da zaɓin. Abin da ke damuna shi ne, a kan takarda kalmar ta fi ƙunci a kan yadda take a bakin mutane, kuma waɗanda ƙuncin ya tura waje su ne suka fi kowa yawa a garin nan: dukawa, majema, maɗinka, magina, masu zanen ƙwarya, makitsa.

Asalin kalmar Larabci ce, kuma a can maganar harshe ce zalla. Fasaha a wajen malaman balaga ita ce magana ta fito sarai, babu gargada a furuci, babu baƙuwar kalmar da za ta tsaya wa mai saurare a wuya. Duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta wurin a Suratul Ƙasas, aya ta 34, inda Annabi Musa yake roƙon a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Ta hannun malamai kalmar ta shigo, shi ya sa waɗanda aka fara kira fasihai su ne masu wa'azi da masu tsara waƙoƙin ajami, mutanen da ke iya auna baiti ya zauna a kan ma'auninsa, amsa-amo ya faɗa inda ya dace.

Daga nan Bahaushe ya yi abin da Balarabe bai yi ba: ya sauko da kalmar daga harshe zuwa hannu. Ya ga cewa abin da ke sa magana ta yi daɗi, wato tsari da tsabta da sanin inda za a tsaya, shi ne dai ke sa aikin wuyan riga ya yi kyau. Da injuna suka zo kuma, bai nemi wata sabuwar kalma ba, ya ce ai wanda ya ƙera mota ma fasaha ya yi. Ta haka aka samu "kimiyya da fasaha", har tsangayar da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ake fassara sunanta da haka. Kalmar da Larabawa ke amfani da ita ga zane da kiɗa kuwa, wato fannu, mun aro ta mun ba ta wani aiki daban, ta zama fanni: fannin lafiya, fannin noma.

Wasu masu ilimin boko suna ganin wannan haɗuwa a matsayin talaucin harshe, wai ta yaya kalma ɗaya za ta ɗauki injiniya da mai zane. Ni ban gan shi haka ba. Kalmar tana faɗin wata gaskiya ce da Bahaushe ya daɗe da ganewa, cewa tushen abin guda ne: mutum ya dubi abin da ke gabansa, ya hango abin da zai iya zama, hannunsa kuma ya iya kai shi can.

To amma a maganar yau da kullum, fasaha ba sunan wani rukunin kaya ba ce da za ka shiga shago ka ce a ba ka. Hukunci ce da ake yankewa bayan an duba aiki. Kuma tana da matakala a ƙarƙashinta. Akwai iyawa, wadda duk wanda ya zauna gaban maigida shekara biyu ko uku zai samu. Akwai ƙwarewa, wadda yawan yi ke kawowa, har hannu ya riƙa tafiya ba tare da ido ya bi shi ba. Akwai gwaninta, inda mutum ya fi tsaransa, irin wadda ta sa ake kiran mahaddacin da ya gagara gwani. Fasaha tana zuwa ne idan mai aikin ya zuba wani abu nasa a ciki, wani juyi ko haɗin launi ko karin murya da ba a koya masa ba. Shi ya sa ake haɗa ta da baiwa da basira da azanci, kuma shi ya sa za ka ji an ce wane ya iya ɗinki amma ba shi da fasaha. Kowa ya fahimci abin da ake nufi: rigarsa ba za ta yage ba, sai dai ba wanda zai tsayar da kai a hanya ya tambaye ka wa ya yi maka ita.

Wurin da ya fi dacewa a ga wannan a Maraɗi shi ne aikin fata, domin a nan ne garin yake da abin da duniya ta san shi da shi. Jar akuyar Maraɗi fatarta na da laushi da ƙarfi da kyan fuska, har gwamnati ta kafa mata cibiyar kiwo ta musamman a nan tun shekarun 1960. Kafin fatar ta isa hannun baduku sai ta bi ta hannun majemi, aikin da mutane ke toshe hanci idan sun wuce, ba su san irin ilimin da ke cikinsa ba. Za a jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare. A sa ta a ruwan kashin tattabara ko na kaji don ta yi taushi, a nan kuwa in aka bar ta ta wuce lokaci ta lalace ke nan. Sannan a tsoma ta cikin dakakkiyar bagaruwa, a juya, a matse, a sake tsomawa, har jimar ta ratsa ta ciki da waje. A shafa mai, a ja ta, a buga. Majemin kirki da yatsa yake gane ko fata ta sha bagaruwa ta ƙoshi. Rini ma da nasa sani: ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, kuma kowanne yana da yadda ake kama shi kada ya zuba a jikin riga ranar da aka yi gumi.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani dattijon baduku, wani saurayi yana cinikin gafaka zai kai wa ƙanensa da ya yi sauka. Gafaka biyu ne a gabansa, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar.

"Baba, mi ya sa wagga ta fi tsada, ga su duk ɗaya?"

Dattijon bai ɗago daga basillar da ke hannunsa ba. "Ɗana, juya ta ka duba cikinta."

Saurayin ya juya. A cikin mai arahar ana ganin bakin fata a yanke ba a lanƙwasa ba, ga shatin gam, ɗinkin kuma wani taku ya fi wani tsawo. A cikin ɗayar an fere bakin fatar ya yi siriri an naɗe shi, ɗinkin da siririyar tsirkiyar fata aka yi shi, takun a jere kamar an auna. A kan marufin kuma an huda jar fata an shimfiɗa kore a ƙarƙashi, zanen yana leƙowa ta ramukan, kuma a kusurwa huɗun dagin bai tsaya inda aka saba tsayar da shi ba, an ja shi ya zagayo ya haɗe da na tsakiya.

"Wancan juyin ba ka ganin shi wajen kowa," in ji dattijon. "Waccan yara suka yi ta, ta kasuwa ce. Wagga ni na zauna mata."

"Ni na zauna mata" shi ne ma'anar aikin fasaha a bakin mai sana'a. Gafakar dai gafaka ce, Alƙur'ani za a sa a ciki, za a rataya ta, za ta tsufa. Amfaninta bai rage mata daraja ba ko kaɗan.

A nan ne muka rabu da abin da makarantar Faransanci ta koya mana. Duk wanda ya shiga lakwal ya fito da kalmomi biyu a kansa, artis da artizan, da katanga a tsakaninsu. Artis shi ne mai ƙirƙira, aikinsa na kallo ne da saurare, yana sa hannu a ƙasan zanensa, ana gayyatarsa taro. Artizan mai sana'ar hannu ne, yana yin abin amfani, ana ciniki da shi a rage masa dala biyar. Wannan katanga ko a Turai ba ta da daɗewar da ake zato. A 1746 ne wani malami Bafaranshe, Charles Batteux, ya ware kiɗa da waƙa da zane da sassaƙa da rawa ya ce su ne kyawawan fannoni, manufarsu faranta rai, ya raba su da sana'o'in biyan buƙata. Gini da iya magana ya ajiye su a wani aji na tsakiya, masu amfani da daɗi a haɗe. A lura da wannan: iya magana, wadda ita ce fasaha ta asali a wajenmu, ba ta ma samu shiga sahun farko ba a rabon nasa. Rabo ne da aka yi shi don wata al'umma mai gidajen ajiye zane da attajirai masu sayen hoto su rataya a bango. Da aka kawo shi ƙasar da mafi yawan kyawawan abubuwanta ana sa su ne a jiki, ko a ci abinci a ciki, ko a hau, ko a kwana a ciki, sai kusan komai namu ya faɗa ɓangaren artizan.

Sai dai kada mu ɗora wa Faransa dukkan kayan. Mu ma muna da tamu katangar, kuma ta girmi zuwan Nasara. Al'adarmu ta daɗe tana son aiki tana raina mai yinsa. Sarki ba ya hawan Sallah sai da sirdi da kayan doki na dukawa, ba ya fita sai da tambari da kakaki da kirarin maroƙa, amma gidaje da yawa har gobe suna jan ƙafa in majemi ko makaɗi ya zo neman aure. Sana'o'in gado ne, kuma gadon yana zuwa da matsayi. Wannan ne ya sa samari masu waƙa a situdiyo suka rungumi sunan artis hannu bibbiyu: ya cire su daga inuwar kalmar maroƙi. Ina fahimtar su. Amma abin da ya biyo baya shi ne, yaron da ya yi waƙa uku da kwamfuta ya zama mai fasaha a idon ofis, makaɗin 'yan kokowa kuwa, wanda zai tsaya a filin Kantu ya ƙago kirari nan take ga kowane ɗan kokowa da ya shigo, da sunan garinsu da na kakanninsa da wanda ya kayar bara, shi sai a kira shi mai kiɗan gargajiya, a sallame shi da abin goro.

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda a Maraɗi ba a iya tsallake shi. Idan aka ce "aikin fasaha" mutum ya hango gunki ko hoton mace ko tsalle-tsalle a dandali, to ba mamaki ya ja baya, domin maganar surar mai rai magana ce da malamai suka yi bayani a kanta da hadisai. Mutanen garin nan ba su manta watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da bikin nuna tufafi na FIMA, wanda mai tsara tufafi Alphadi ya fara a hamadar Agadas a 1998, ya zo Yamai, zanga-zanga ta tashi a can da nan Maraɗi har aka yi ƙone-ƙone. Irin wannan tarihi yana barin tabo a kan kalma. Uba ya ji ɗansa yana son zama artis, gabansa ya faɗi. Alhali kuwa uban nan da kansa zai biya kuɗi mai kauri a yi wa ɗansa zayyana a allon sauka, ya zaɓi mai rubutun da ya fi iya haɗa ja da kore da ruwan ɗorawa, ya rataye allon a zaure yana nuna wa baƙi. Zayyana aikin fasaha ce ta kowace fuska aka auna ta. Nisantar surar mai rai bai kashe mana zane ba, ya tura shi ne wajen layi da kusurwa da saƙa, shi ya haifar da aska takwas a gaban babbar riga, da dagi, da zanen da ke fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram. Idan kalmar ta koma faɗinta na asali, mafi yawan abin da ke cikinta babu malamin da ke da ja a kansa, sauran kuma a yi muhawararsa da sunansa.

Sai wasu sunaye uku da ke yawo kusa da wannan kalma, waɗanda ake musanya su da ita ba tare da an lura da abin da ake asara ba: aikin hannu, kayan gargajiya, kayan tarihi. Aikin hannu yana faɗin yadda aka yi abu ne kawai, bai ce komai game da kyansa ba. Kayan gargajiya yana mayar da abin mallakar kowa da kowa, kamar haka aka tashi aka gan shi, babu wani mutum da ya zauna ya yi tunani. Kayan tarihi kuma yana cewa abin ya riga ya mutu, wurinsa gidan kallo. Da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayayyaki 26 a watan Nuwamba na 2021, waɗanda sojojin Faransa suka kwashe daga fadar Abomey a 1892, da kuma lokacin da Jamus ta fara mayar wa Najeriya tagullan masarautar Benin a ƙarshen 2022, "kayan tarihi" aka fi ji a labaran Hausa. Ba ƙarya ba ne. Amma gidajen da suka riƙe su shekara sama da ɗari suna nuna su ne a matsayin gwanintar masassaƙa da maƙera, mutane na biyan kuɗi su shiga su kalli kyansu. Mu da abin ya fi shafa sai muka ambaci shekarunsu muka bar hannun da ya yi su.

Wani lokaci sai na waje ne ke tuna mana. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa, wani magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi da gyare-gyare a shekarun da suka biyo baya, kowace hasumiya da nata fasali. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Falke bai yi makarantar zanen gini ba. Kafin shi da fiye da ƙarni guda, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda har yau masana ke zuwa nazarin bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa. Sunayen waɗannan biyu sun tsira. Na sauran dubban magina da suka iya murza makuba su fitar da zane a jikin bango kafin ta bushe, sun tafi tare da su.

Ɓacewar suna kuwa tsohon ciwo ne a sana'ar fata musamman. Ƙarnoni da dama fatun ƙasar Hausa suna ƙetare hamada a bayan raƙuma, su isa tashoshin arewacin Afirka, daga can su shiga Turai, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da su. Sunan da aka san su da shi a can shi ne fatar Maroko. Majemin da ya sha warin kwatami ba a san da shi ba, ƙasarsa ma ba a san da ita ba.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa gardamar ba ta malaman harshe kaɗai ba ce: akwai doka da kuɗi a bayanta. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta, tana kare ayyukan adabi da na fasaha, kuma jerin abubuwan da ta lissafa ya haɗa har da ayyukan fasaha da ake amfani da su a rayuwar yau da kullum, ba na ratayewa a bango kaɗai ba. Kariyar tana farawa ne da zarar an yi aikin, ba sai an yi rajista ba, kuma ga yawancin ayyuka tana kaiwa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai shi, ga na amfanin yau da kullum kuwa aƙalla shekara 25 daga lokacin da aka yi su. A cikin gida akwai dokar 23 ga Disamba 2010 kan haƙƙin mawallafa, wadda ta taɓo har da abubuwan gado na al'ada, akwai kuma ofishin BNDA da ke kula da wannan haƙƙi. Mawaƙa da 'yan fim da marubuta sun san da haka, shi ya sa "satar fasaha" ta zama kalmar da ba ta barin bakinsu, tun zamanin masu kwafar kaset har zuwa masu tura waƙa a waya. Amma ka taɓa jin baduku ya ce an yi masa satar fasaha? Ko mai aikin hula da ya ƙago sabon zane, bayan wata uku ya ga injin ya buga shi a kan huluna ɗari ana sayarwa rabin kuɗi? Ba ya faɗa, domin ba a taɓa gaya masa cewa kalmar ta shafe shi ba.

Gaskiya ne lamarin yana da sarƙaƙiya. Dagi ba na kowa ba ne, aska takwas ba ta da mai ita, kuma sana'ar gado ba ta rayuwa sai da kwaikwayo, yaro ya kalli hannun maigidansa ya yi irinsa. Doka ba za ta hana wannan ba, bai ma kamata ta hana ba. Abin da take iya karewa shi ne ƙarin da mutum ya yi daga kansa, irin juyin nan na kusurwar gafaka. Abin da yake na jama'a kuma akwai wata hanyar: ta OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangui a 1977, an yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali, an kuma ba cuku da fatar jar akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa. Mataki ne mai kyau. Sai dai fatar aka yi wa tambari, ita ce ɗanyen kaya. Abin da hannun baduku ya mayar da ita har yanzu yana fita kasuwa ba suna.

Mai karatu zai iya cewa, in an buɗe ƙofa haka, ai kowane takalmi da kowace tabarma sun zama aikin fasaha, kalmar ta tashi a banza. Amsar tana bakin mutane tun tuni, domin ba su taɓa kiran kowane takalmi haka ba. Matar da ke sayen faifai ta san wanda aka saƙa don rufe ƙwarya da wanda aka saƙa don jere. Tana duba tsabtar aiki, ta juya bayansa. Tana duba ko launukan sun zauna da juna. Tana duba ko akwai abin da ba ta taɓa gani ba. Ma'aunin yana nan, kuma ya fi na ofis tsanani, domin ofis yana tambayar wane irin abu ne, ita kuwa tana tambayar yaya aka yi shi. A ma'auninta, zanen fenti da aka yi da gaggawa ba ya samun sunan don kawai an sa shi a firam, waƙar da aka cika da ihu ba ta samunsa don kawai an ɗauke ta a situdiyo.

Mata su ne suka fi cutuwa da ƙuncin kalmar, kuma a nan nake ganin ya kamata masu rubutu da masu magana a rediyo su fara gyara. Yawancin fasaharsu ba ta daɗewa. Lalle sati biyu ne ya goge. Kitso, komai wahalar da makitsiya ta sha wajen tsaga da daidaita layi, za a tsefe shi. Jeren ɗakin amarya, wanda gwanayensa ke kwana suna auna wace tasa za ta bi wace, ana rushe shi in an tashi ƙaura. Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, waɗanda mata ke ƙagowa suna saka habaici da labarin zuciyarsu a ciki, ba su da marubuci a takarda. Da yake babu abin da za a ajiye a gidan kallo, sai aka ɗauka babu abin da aka yi.

Wayar hannu ta fara sauya wannan ba tare da an shirya ba. Yau mai lalle tana ɗaukar hoton hannun da ta zana kafin amarya ta tashi, ta sa a WhatsApp da sunanta a jiki, wata a Tasawa ko Katsina ta gani ta aiko a yi mata irinsa. Masu ɗinkin hula da masu aikin riga sun fara yin haka. Shi ne karon farko da aikin da yawa daga cikinsu ke yawo tare da sunan mai shi, kuma farashinsu yana bin sunan. Dukawa su ma suna da hanya mai sauƙi a hannunsu, tunda maƙeri zai iya ƙera musu ɗan hatimin ƙarfe da za a danna a cikin marufin jaka ko a ƙasan takalmi. Ɗan jaridar da ya je ɗaukar rahoto a SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata a Yamai, ko a rumfunan dukawan garin nan, idan ya ga abin da ya cancanta, ya kira shi aikin fasaha, sannan ya tambayi sunan wanda ya yi shi ya faɗa a cikin rahoton, kamar yadda yake faɗin sunan mawaƙi kafin ya saka waƙarsa.